Rigar Fitowar Auta

Zuwa ga 'yata Alƙaliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Ni dai da sauƙi, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in na daɗe a kan keken ɗinki, da kunnen nan da ya ƙi. Shi ya sa kika ga takarda ba waya ba. In aka kira ni, ji nake kamar ana magana a cikin randa.

Wataƙila ki ce wace ce wannan. Goggonki ce mai ɗinki, wadda babanta da kakanki suke ciki ɗaya. Kin zauna wurina lokacin da mahaifiyarki ta kwanta asibiti, kina 'yar mitsitsiya, kina riƙe ƙugu kina raba wa yaran layi faɗa, har na sa miki Alƙaliya. Tun rasuwar babanki zumunci ya yi sanyi, kuma ban wanke kaina ba.

Direban da ke kawo mini yadi ne ya ce garinku yake kwana, kuma ya ji an ce kina jami'a kina karatun masu laifi. Na ce to, yarinyar nan ba ta bar halinta ba. Shi zai kawo miki wannan, shi kuma za ki ba amsa.

Maganar Auta ce, ɗana, wanda yake goya ki ya kai ki sayen alewa. Yana gidan yari, ana neman shekara uku ke nan. A wani sito na kayan wuta yake dako. Aka yi sata a siton, aka kwashe wayoyin lantarki, washegari 'yan sanda suka tattara ma'aikata. Masu dangi suka fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da yake shi ne mai rufe ƙofar baya. Tun ranar farko kalmarsa ɗaya ce: bai yi ba. Sun dake shi har haƙorinsa na gaba ya fita, bai sauya ba.

Ba a yanke masa hukunci ba, ba a sake shi ba. Na san bencin kotun nan fiye da gadona. Yau alƙali ya tafi taro, gobe fayil ya ɓata, jibi babu man da za a sa wa motar fursuna. Lauyan da gwamnati ta ba mu sau biyu na ga fuskarsa, kuma duka biyun yana kallon agogo.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ki tsorata. So nake ki gaya mini abin da littattafanku suka ce a kan mutumin da aka manta da shi. Ni ɗinki na sani, kuma ɗinki bai fitar da kowa ba.

Goggonki mai ɗinki


Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya, sai Umma da hawan jini yake taɓawa, tana kuma gaishe ki ƙwarai. Yaya za a yi in manta da ke? Har yau ina tuna ƙamshin man keken ɗinkinki, da ƙyallayen da kike ba ni ina yi wa 'yar tsana zane.

Na karanta takardarki a bakin ɗakin karatu, sai da na koma bayan gini na yi kuka. Yaya Auta! Wanda ko kaza aka ce ya yanka sai ya ɓuya.

Bari in fara gyara miki abu ɗaya, don kada ki ɗora mini abin da ban kai ba. Ni ba lauya ba ce, ba kuma za a ba ni kujerar alƙali ba. Karatunmu shi ne nazarin laifi: me ke jawo shi, yaya ake kama mutum, yaya ake shari'arsa, me gidan yari yake mayar da shi. Ina shekara ta uku. Yawancin aikinmu zama ne a aji mai fanka ɗaya, muna kwafar alƙaluman mutanen da ba mu taɓa gani ba. Yau alƙaluman nan sun yi fuska, kuma fuskar Yaya ce.

Abin da ya same shi suna gare shi a wurinmu, masu jiran shari'a, kuma sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen yari da dama. Makon jiya malaminmu, wani dattijo da ya yi aikin gandiroba kafin ya koma koyarwa, ya yi mana darasin da ya hana ni cin abinci. Ya ce sau da yawa mutum yakan zauna jiran shari'a fiye da hukuncin laifin da ake zarginsa da shi. Satar da hukuncinta bai wuce shekara biyu ba, sai mutum ya yi uku yana jira. Ya ce ya ga waɗanda ba su yi komai ba sun miƙe a kotu sun ce sun yi, alƙali ya lissafa zaman da suka riga suka yi, ya ce su tafi gida a ranar. Wanda ya dage a kan gaskiyarsa kuwa a mayar da shi ciki. Goggo, kin ji lalacewa? Mai gaskiya ya zauna, wanda ya yi wa kansa ƙarya ya kwana a ɗakinsa. Wallahi wani lokaci sai in ga kamar ba a bar wa talaka wata ƙofa ba sai wannan.

Ki rubuto mini duk yadda abin ya faru, kada ki rage komai, da abin da aka karanta masa a kotu in kin riƙe. Zan kai wa malamin nan, yana da abokai lauyoyi masu taimako kyauta. Sai dai za a tura mu aikin gani da ido a wani gidan yarin mata da ke nesa da gari, za mu yi makonni. Da na dawo zan same shi.

Ki gaishe mini da Yaya in kin je. Ki ce Alƙaliya ta girma, amma har yanzu tana bin sa alewa.

'Yarki


Zuwa ga Alƙaliya, 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Ummanki, Allah ya saukar mata da jinin nan. Gwiwa tana nan, amma yau ban ji ta ba. Tun da takardarki ta zo nake tafiya kamar an cire mini dutse daga ka.

Na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Ashe ƙofa tana nan a buɗe, mu muna ta dukan bango! Shekara uku babu wanda ya gaya mini, sai da 'yar da na yi wa wanka ta je jami'a. Kin ce ke ba lauya ba ce. To lauyan me ya tsinana mini?

Na je wurin Auta ranar ziyara. Kin san yadda wurin yake, ko ba ki sani ba tukuna: waya ce tsakaninku, mutane ta ko'ina suna ihu, ni ga kunne. Sai da na manna bakina a wayar na faɗa masa. Ya ce, "Inna, in ce na yi? Haƙorina fa?" Ya ce abu ɗaya ya rage masa a gidan nan, shi ne in ya kwanta ya san shi ba ɓarawo ba ne. Taurin kan ubansa ne, Allah ya jiƙansa. Na ce masa mai ilimi ce ta faɗa, ba ni ba. Na ce ya dubi ƙafata, ya dubi furfurata, ya gaya mini ko zan kai wata shekara ukun ina hawa mota. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Bai ce e ba, amma bai ce a'a ba, kuma ni na haife shi.

Kin ce in faɗi yadda abin ya faru. Ai babu wani abu bayan wanda na faɗa. An fasa ƙofar baya, an kwashe wayoyi. Ɓarayin sun sami tsohon mai gadi sun buga masa rodi a ka, ya daɗe a asibiti, yanzu yana jan ƙafa. Ban sa wannan a takardar farko ba don ba shi da daɗin faɗa, kuma tunda ba Auta ne ya buge shi ba, me ya shafe mu? Abin da ake karantawa a kotu kuwa da yarensu suke yi, tafinta yana gudu kamar ana korarsa. Ni dai na san kaya aka ɗauka, sata ke nan.

Na sayi yadi shuɗi mai kyau, na yanka masa riga. Da ido na auna shi ta cikin waya, ya rame ƙwarai, sai da na rage kafaɗa. Ita zai sa ya fito. Kayan da ke jikinsa kuwa a bakin ƙofar zan ƙone su.

In ya fito zan turo shi ya kawo miki alewarki da kansa.

Goggonki


Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Kada Yaya ya amsa laifin nan. Ko me aka ce masa, ko wa ya ce, kada ya amsa. Ki je gidan yarin ranar da wannan ta same ki, ko ba ranar ziyara ba ce, ki roƙi gandiroba ya isar masa.

Jiya muka dawo. Takardarki tana ɗakin matar da ke gadin ƙofar ɗakunan kwananmu tun ban san yaushe ba, a ƙarƙashin kofin shayinta. Na karanta a tsaye, da na zo kan mai gadi da rodi sai na koma na sake karanta wurin.

Goggo, a wurin shari'a wannan ba sata ba ce. Da zarar an ɗauki kaya da makami an ji wa mutum rauni, ya zama fashi, kuma hukuncin fashi ba shekara biyu ba ne. Yana iya cinye ƙuruciyar mutum gaba ɗaya. Darasin da na ba ki labari a kan ƙananan laifuka ne. Kuma ni ba shawara na ba ki ba, haushi ne ya ishe ni na zuba miki shi a takarda, kamar yadda muke yi a aji in malami ya fita. Na koma na tuna abin da na rubuta kalma bayan kalma, na ga yadda uwa za ta karanta shi. Abu na farko da aka koya mana a shekarar farko shi ne kada ka buɗe baki a kan shari'ar da ba ka san tuhumarta ba. Na ci jarrabawar wannan darasi da maki mai kyau.

Ban jira gari ya waye sosai ba na je ofishin malaminmu. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya cire tabarau ya tambaye ni shaidu nawa aka kawo a shekara ukun. Na ce ban sani ba. Ya kira wata lauya abokiyar aikinsa da ta san kotunan wajenku, ta yi tambaya ta kira shi. Ba a taɓa kawo shaida ko ɗaya ba. Mai gadin ya ce ta baya aka buge shi, bai ga fuskar kowa ba. Mai siton ya sayar da wurin ya bar gari. Ba a sami ko guntun waya a hannun Yaya ba. Ta ce abin da ya sa suke ta ɗagewa ke nan, ba su da abin da za su nuna. Ta ce in ta shigar da takarda, da wuya alƙali bai kori ƙarar ba. Abu ɗaya kawai masu ƙara suke nema ba su samu ba, shi ne ya amsa da bakinsa.

Taurin kan da kike faɗa, shi ne ya tsare shi har yau.

Na kira lambar da ke bayan ambulan ɗinki, a kashe. Na je tasha na sami direban, ya ce motarsa tana gareji an sauke injin, sai ta tashi. Na roƙe shi ya ba wani, ya ce zai duba. Lauyar ta ce zaman kotu na gaba da sauran lokaci, shi ne kawai abin da nake riƙe da shi.

Ki ajiye rigar. Zai sa ta, in Allah ya yarda, amma ba ta wannan hanya ba.

'Yarki


Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Umma tana tambayarki kullum.

Shiru ya yi yawa. Direban ya rantse ya ba ki takardata hannu da hannu, amma da na tambaye shi me kika ce sai ya hau duba tayar mota. Lauyar ta yi tafiya, ba ta ɗaga waya. Mun fara jarrabawa. Jiya aka tambaye mu dalilan da ke sa marar laifi ya amsa laifi, na rubuta guda biyar, na kasa rubuta na shida, na ajiye biro na fita.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ko zagi ne.

'Yarki


Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Ummanki. Kin tambayi lafiya. Ina ci, ina sha, ina tashi in an kira salla. Keken ɗinki na rufe shi da zane.

Takardunki biyu sun zo. Ta farkon ta same ni da kwana biyu da dawowa daga kotu.

Lauyarku ba ta yi ƙarya ba, zaman da sauran lokaci. Amma Auta ya gaya wa gandiroba yana so ya amsa laifinsa. 'Yata, shekara uku babu mai, babu fayil, babu alƙali. Da ya ce zai amsa, a cikin mako guda aka sami mota, aka sami fayil, har mai gabatar da ƙara ya zo da sabuwar riga yana gaishe ni.

Na zauna a benci na gaba, rigar tana cikin leda a kan cinyata, na goge ta da daddare na sa mata turare. Aka karanta, tafinta ya yi gudunsa. Alƙalin, in faɗi gaskiya, bai yi gaggawa ba. Ya tambaye shi ko ya fahimci abin da ake tuhumarsa da shi. Ya sake tambaya ko wani ne ya tilasta shi. A nan Auta ya juyo ya dube ni. Ni kuma na gyaɗa masa kai. Da wannan kan nawa na gyaɗa, ina murmushi, don ya ji ƙarfi.

Ya ce, "Na yi."

Ban ji adadin ba, kin san kunnena. Na ga dai alƙali ya rufe littafi, na miƙe ina kwance bakin leda. Wata mata da ke kusa da ni ce ta riƙo hannuna ta zaunar da ni, ta faɗa mini a kunne da ƙarfi: shekara goma sha huɗu, har da ukun da ya yi. Na ce mata ba mu ba ne, namu sata ce. Ta ce, "Baiwar Allah, ɗanki ne dai."

Kin ce ko zagi ne in rubuto. Na zauna da niyyar haka, ba sau ɗaya ba. Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba, har na juya hotonki na yarinta da ke jikin madubi. Amma duk lokacin da na ɗauki biro sai in tuna ke haushinki kika rubuta, ni na mayar da shi umarni. Ke ba ki san da rodi ba, ni na sani na rufe. Kuma ba ke kika tsaya a jikin waya kina nuna masa furfura ba. Na mayar da hoton yadda yake. Ban ce zuciyata ta huce ba, na dai rasa wanda zan ɗora wa in ba kaina ba.

Lauyar ta zo daga baya, mace mai kirki. Ta ce za ta ɗaukaka ƙara, amma kada in sa rai da yawa, don wanda ya amsa da bakinsa a gaban alƙali, bayan an tambaye shi har sau biyu, da wuya a saurare shi. Na sa hannu inda ta nuna.

Ummanki ta aiko cewa kina maganar barin karatu. Kada ki kuskura. In kin bari, an yi asara biyu ke nan. Ki gama, ki zauna a inda ake yanke wa mutane, in wata tsohuwa ta zo miki da rabin magana ki tsare ta sai ta faɗi sauran. Wannan kaɗai nake bin ki.

Na je wurinsa. An mayar da shi ɓangaren waɗanda aka yanke wa hukunci. Da, kayan gida yake sawa, yanzu sun ba shi nasu. Na gaya masa abin da kika rubuto, cewa ba su da shaida, don na ga bai kamata in sake rufe masa komai ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Inna, da in na kwanta ina da abin da nake gaya wa kaina. Yanzu ko ke kin ji na ce na yi."

Ya ce in gaishe ki. Ya ce ba ya riƙe da ke.

Rigar da suka ba shi ta yi masa yawa, kafaɗar tana saukowa har damtse, ɗinkin wuyan ma a karkace. Na roƙi gandiroba ya ba ni ita kwana ɗaya in rage masa, ya ce ba a fitar da kayan gwamnati. Shuɗiyar kuwa na miƙa, suka ce ba shi da izinin sa ta yanzu.

Tana nan a leda. Jiya na fito da ita na warware kafaɗar da na rage, na bar mata sarari, don ban san jikin da zai fito da shi ba. Na rubuta sunanki a takarda na maƙala mata da allura. Shekara goma sha ɗaya ba tawa ba ce, 'yata, na san gwiwata, na san kaina. In direba ya kawo miki ita wata rana, kada ki tambaye shi komai. Ki ajiye ta inda asu ba zai ci ba, ki kai masa bakin ƙofar gidan yari ranar fitowarsa.

Goggonki